Jami'in Gyaran Magana da Aikinsa a Makaranta

A cikin watan Satumba na shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya, watau shirin nan da aka fi sani da UPE. A wannan shekara ce kuma, cikin watan Fabrairu, aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. Makarantun da a da sai an bi gida gida ana lallashin iyaye kafin aji ya cika, sai ga su sun cika har sun batse. To, da ƙofa ta buɗe ga kowa, sai abin da yake ɓoye cikin gidaje ya fito fili, watau yara masu ƙoshin lafiya, masu wayo, amma magana tana yi musu wuya. Wani in'ina ce take riƙe masa baki. Wani ya kai shekara 7 bai rabu da tsamin baki ba. Wani kunnensa ne ba ya kamawa sosai. Wani kuwa yana ji sarai, amma abin da malam ya faɗa ba ya zama masa magana mai ma'ana.

Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta keɓe sashe guda a kan ilmin yara masu buƙata ta musamman, kuma a wannan shekara aka kafa kwalejin tarayya a garin Oyo domin horad da malamansu. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Duk da haka irin waɗannan yara suna nan har gobe a cikin azuzuwa, daga Wunti zuwa Jahun, daga Kobi zuwa Yelwa, galibi a bencin baya, inda suka koyi cewa yin shiru ya fi sauƙi da a yi musu dariya. An san yadda labarinsu yakan ƙare: a ce yaro daƙiƙi ne, ko mai taurin kai, ko an yi masa sammu, ya maimaita aji sau biyu, daga nan uba ya ga ba riba ya cire shi. Garin da ya fitar da Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, malamin makarantar Midil wanda duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, ba ya bukatar a koya masa darajar magana. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a sanad da iyaye da malamai cewa akwai ma'aikacin da aka horar musamman domin irin waɗannan yara, a bayyana yadda yake aiki, da abin da za a yi a inda ba a same shi ba.

WANE NE JAMI'IN GYARAN MAGANA?

Mutum ne, namiji ko mace, wanda ya yi karatun jami'a a kan yadda ɗan Adam yake koyon harshe, da yadda gaɓoɓin furuci suke aiki, da abubuwan da kan hana su aiki. Ana iya ce masa likitan magana don sauƙin fahimta, amma ba ya yin allura, ba ya ba da ƙwaya, ba ya fiɗa. Kayan aikinsa su ne kunnensa, da madubi, da katunan hotuna, da kayan wasan yara, da takardar da yake rubuta ci gaban kowane yaro. Abokin aikinsa na kusa shi ne jami'in awon ji, wanda yake auna ƙarfin jin kowane kunne da na'ura, sai kuma likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A Nijeriya Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar da ake kira MRTB a taƙaice, wadda take yi wa masu gyaran magana da masu awon ji da masu gashin ƙashi rajista. Wanda ba shi da rajistarta ba shi da ikon kiran kansa da wannan suna, kuma iyaye suna da haƙƙin su nemi ganin shaida kafin su biya kowa kuɗi.

Sana'ar ta daɗe da shiga makarantu a wasu ƙasashe. Tun a 1906 hukumar ilmi ta birnin Mancesta a Ingila ta buɗe azuzuwa domin yara masu in'ina. A Amurka, dokar da aka zartar a 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati su samar wa yaro wannan taimako kyauta idan yana bukatarsa. Dalilin kai aikin makaranta maimakon a bar shi a asibiti a fili yake. A makaranta yaro yake wuni, a nan ake tambayarsa ya ba da amsa, a nan kuma ake gane wanda ya bambanta da tsararrakinsa.

Akwai abubuwa biyu da jami'in yake rarrabewa, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su, domin Hausa takan kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne furuci, watau yadda iska take fitowa daga huhu, ta kaɗa tantanin maƙwallato, sa'an nan harshe da leɓɓa da ganɗa su sarrafa ta ta zama sauti. Na biyu shi ne harshe a ma'anarsa ta yare, watau sanin kalmomi, da iya jera su, da gane abin da wani ya jera. Yaro yana iya samun matsala a ɗaya ba tare da ɗayan ba. Mai in'ina ya san abin da zai faɗa sarai, fitarwar ce take gagara. Wani kuwa bakinsa garau, amma in an ce masa ya ɗauko allo ya ajiye a bayan ƙofa kafin ya zauna, sai ya tsaya yana kallon abin da 'yan'uwansa za su yi ya kwaikwaya.

A FARA DA KUNNE

Babu jami'in da ya san aikinsa da zai fara gyaran bakin yaro bai tabbatar da lafiyar kunnensa ba, domin da kunne ake koyon magana. Jariri yakan fara surutunsa na ba-ba da da-da wajen wata 6 zuwa 9. Wajen shekara 1 kalmar farko takan fito. A shekara 2 yakan haɗa kalmomi biyu, kamar ya ce Inna zo. A shekara 3 mutanen gida suna gane yawancin abin da yake faɗa, a shekara 4 kuwa har baƙo yana ganewa. Yara sukan bambanta da 'yan watanni, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma yaron da ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya kai shekara 2 da rabi ba ya haɗa kalmomi, ko ya fara magana sa'an nan ya daina, lalle a kai shi a auna kunnensa. Cewa da ake yi a bar shi, ubansa ma bai yi magana da wuri ba, ta sa yara da yawa sun yi asarar shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 a duniya suna da raunin ji mai tsanani, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da ake iya hanawa. A wannan yanki abubuwan da suke jawo ta sanannu ne: sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da shawarar da takan kama jariri a makon farko, da wahalar haihuwa, da wasu allurai masu ƙarfi idan an yi su barkatai ba da umarnin likita ba. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Bauchi tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A cikin kowane mutum 5 da suka tashi daga wannan ciwo, kimanin 1 yakan tashi da wata naƙasa, kurumta kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa. A 2024, bayan wata ɓarkewar da ta sake taɓa Bauchi da Jigawa da Yobe, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare mutum daga iri 5 na ƙwayar cutar. Saboda haka duk yaron da ya kwanta da sanƙarau, ko da ya warke ya koma wasa, a auna jinsa kafin ya koma aji.

Amma wanda ya fi yawa a makarantu, ya kuma fi ɓoyuwa, shi ne raunin ji na tsaka-tsaki. Kunne mai zubar da mugunya shekara da shekaru, ko ruwan da yakan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ko dauɗar da ta toshe kafa, duk suna rage ji ba tare da sun kashe shi ba. Irin wannan yaro yana jin an yi magana, amma ba ya rarrabe sautuka. In malam yana gabansa ya amsa, in ya juya yana rubutu a allo shi ke nan. Ranar da ruwan sama yake dukan kwanon rufi kuwa, darasin duka ya wuce shi. Sai a ce yana ji in ya ga dama, a kai masa mari, marin kuma ya sauka a kan kunnen da yake ciwo. Ya kamata kowane malami da kowane uba ya sani cewa mari guda yana iya fasa dodon kunne. Haka nan sosa kunne da tsinke ko gashin kaza, da ɗiga masa mai ko ruwan ganye, suna ƙara ɓarna ne.

RANAR DA JAMI'I YA ZO MAKARANTA

A ɗauka ga yaro ɗan aji biyu a wata makarantar cikin gari, wanda malamarsa ta rubuta sunansa domin ba a gane maganarsa. Jami'in ba zai fara da kiransa ofis ba. Zai zauna a bayan aji ya ga yadda yake bin darasi, ya fita lokacin tara ya saurare shi cikin abokansa, domin yaro ya fi sakin baki a filin wasa. Sa'an nan a kira uwa ko kaka, wadda ta fi kowa sanin tarihinsa, a tambaye ta yadda aka haife shi, da ciwon da ya taɓa yi, da lokacin da ya fara magana, da ko akwai mai irin wannan a dangi. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a garin Bauchi ita ce, da wane harshe ake magana a gida?

Dalili kuwa shi ne ana ƙidaya ƙabilu fiye da 50 a jihar. Yaro yana iya tashi da Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci a ɗakin uwarsa, ya tsinci Hausa a ƙofar gida, ya gamu da Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, da Turanci a makarantar boko, duk kafin ya cika shekara 7. Jin harsuna da yawa ba ya jawo ciwon magana, kuma kuskure ne babba a shawarci iyaye su daina yi wa ɗansu harshensu na gado. Ƙa'idar da jami'in yake bi ita ce, matsala ta gaskiya takan bayyana a dukkan harsunan yaro. In yana zuba Fulatanci tiryan-tiryan a gida, Hausarsa ce kaɗai take tuntuɓe, to, mai koyo ne, lokaci da jimiri kawai yake bukata. Haka kuma karin harshe ba ciwo ba ne. Mutumin Bauchi ko Zariya da yakan ce motan malam, da Basakkwacen da yakan ce shina zuwa, kowa Hausar garinsu yake yi, babu abin gyara a ciki.

Akwai kuma al'ada. Takardun gwajin da aka tsara a Ingila ko Amurka suna ɗauka cewa yaro mai lafiya zai dubi babba ido cikin ido ya yi ta zuba. A nan kuwa yaron da ya sunkuyar da kai ya amsa a taƙaice gaban baƙo tarbiyya ya nuna. Jami'in da bai san kunya ba sai ya rubuta wa yaro lafiyayye ciwon da ba shi da shi. Don haka masu aiki a ƙasar Hausa sukan haɗa nasu katunan hotuna da abubuwan da yaro ya sani, aka kuma zaɓe su domin su fito da sautukan Hausa: kifi, ƙwarya, ɓera, ɗan tsako, tsintsiya, raƙumi, shanu, 'ya'yan itace. Hausa tana da sautukan da Turanci ba shi da su, kuma ma'ana tana rataye a kansu. Kaya daban, ƙaya daban. Haka baki da baƙi, doki da ɗoki, sara da tsara. Ga kuma karin sauti, wanda yake raba wuyan jiki da wuyar aiki, da tsawon wasali, wanda yake raba garin zama da garin tuwo. Yaron da kunnensa bai rarrabe waɗannan ba zai sha wahala ranar da aka ce ya rubuta su, domin karatu ba kome ba ne illa ɗora baƙaƙe a kan sautukan da aka riga aka sani. Wannan ne ya sa matsalar furucin da aka ƙyale a aji ɗaya takan rikiɗe ta zama matsalar karatu a aji uku.

In bincike ya nuna cewa yaron nan kunnensa lafiya, fahimtarsa lafiya, sai dai yana sa t a wurin k, yana cewa tare maimakon kare, tifi maimakon kifi, to, aiki ya yi sauƙi. Ana yin t ne da ƙarshen harshe a bayan haƙoran sama, k kuwa da gindin harshe can wajen hanɗa. Da farko jami'in zai horar da kunnen yaron: ga hoton kaya, ga hoton taya, nuna wanda aka faɗa. In ya ƙware a wannan sai a ɗauko madubi, a nuna masa ya kwantar da ƙarshen harshe ya ɗaga gindinsa, har sautin ya fito shi kaɗai. Daga nan a hau ka, ki, ku, ke, ko, a wuce zuwa kalma, zuwa jimla, zuwa tatsuniya. Zaman ba ya wuce rabin sa'a, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma cikin wasa ake yinsa. Abin da yake kawo nasara shi ne minti 5 ko 10 da uwa ko yaya za su maimaita da shi kowace rana. Sautuka irin su r sukan makara, har shekara 6 ko 7 ba a ɗaukar yaron da yake cewa luwa a matsayin mai matsala.

IN'INA

In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 da 5. Kimanin yara 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, yawancinsu su rabu da ita da kansu, ta zauna wa kimanin mutum 1 cikin 100 har girma, kuma ta fi zama ga maza. Tana bin jini, kuma tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take tsara motsin magana. Tsoro ba shi ne yake haifar da ita ba, ko da yake yana ƙara ta. Ba ta da dangantaka da ƙarancin basira. Sarki Joji na Shida na Ingila ya yi fama da ita, ya kuma yi shekaru yana aiki da wani mai gyaran magana, Lionel Logue, tun daga 1926. Joe Biden, wanda ya shugabanci Amurka daga 2021 zuwa 2025, da ita ya tashi.

Akwai wani hali nata da yakan jawo wa yara duka a banza. Mai in'ina yakan rera waƙa ba tangarɗa, yakan kuma bi karatu tare da jama'a lafiya lau. In aji duka suna biya karatu da murya ɗaya ba a jin kome, amma da an ce ya tashi shi kaɗai sai baki ya ƙulle. Malamin da bai sani ba sai ya ce da gangan yake yi. Wannan hali na in'ina ne a ko'ina cikin duniya, ba wayon yaron ba ne.

Jami'in yakan fi aiki da manyan da suke kewaye da ƙaramin yaro fiye da yaron kansa. Yana koya musu su saurari abin da yake faɗa har ya gama, kada su ƙarasa masa kalma, kada su ce ya nutsu ko ya sake, kada su kawar da kai don tausayi. In ana so ya sassauta, babba ya sassauta tasa maganar. Akwai tsarin da aka fito da shi a birnin Sidni na Ostareliya, mai suna Lidcombe, inda ake horar da iyaye su gudanar da aikin a gida ga yara 'yan ƙasa da shekara 6, jami'i yana duba su mako mako. Ga yaron da ya girma kuwa, ana koya masa shiga kalma a hankali, da yadda zai saki baki in ya ƙulle, da abin da ya fi waɗannan wuya, watau ya daina gudun magana. Babu jami'in kirki da zai yi alkawarin raba babban yaro da in'ina ɗungum. Abin da ake nema shi ne ya iya faɗin abin da yake so a lokacin da yake so. A aji kuwa, malam ya yi shawara da shi a keɓe a kan yadda za a riƙa tambayarsa, ya kuma hana kwaikwayonsa hani mai tsanani, domin dariyar 'yan aji ta fi in'inar kanta korar yara daga makaranta.

WAƊANDA BA A GANI

Rukunin da ya fi yawa shi ne wanda aka fi mantawa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2016 ya nuna cewa a aji mai yara 30, kimanin 2 suna da raunin koyon harshe wanda ba kurumta ce ta kawo shi ba, ba kuma raunin hankali ba. Mai karatu ya auna da kansa abin da wannan yake nufi a ajin da ya ninka haka. Kalmominsu kaɗan ne, jimlolinsu gajeru, in sun zo ba da labari sai su fara daga tsakiya. Sukan ce abin nan, abin nan, domin sunan ya ɓace musu. Da yake bakinsu garau yake, ba mai zaton kome sai lalaci. Da waɗannan jami'in yakan yi aiki ƙungiya ƙungiya, yara 4 ko 5, ana koyon kalmomin darasin mako tun kafin malam ya kawo shi, ana jera hotuna a ba da labari daga farko zuwa ƙarshe. Tatsuniya da kacici-kacici da wasannin dandali kayan aiki ne na gaske a nan, kuma kaka ta fi kowa iya su.

Sauran yaran da aikin ya shafa a taƙaice su ne waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, masu magana ta hanci. Su fiɗa suke bukata da fari, kuma ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗinta a asibitoci da dama a Nijeriya, sa'an nan gyaran furuci ya biyo baya. Akwai masu shanyewar gaɓoɓi tun daga haihuwa, da masu lalurar da ake kira galahanga, waɗanda wasunsu akan haɗa musu allon hotuna su riƙa nuna abin da suke so. Akwai masu disasshiyar murya saboda yawan ihu, har kanta ta fito a tantanin maƙwallato. Muryar da ta dishe fiye da mako 3 likita ya kamata ya duba ta, kuma wannan ya haɗa da malamai, waɗanda suke wuni suna ɗaga murya cikin ƙurar alli da ta hunturu.

Game da kurame, bakinsu da harshensu lafiya suke, rashin ji ne ya hana su magana. Wanda yake da sauran ji ana iya sa masa na'urar ƙara ji bayan an auna shi, ba wadda aka saya a kasuwa da ka ba, jami'i kuma ya koya masa saurare da karanta leɓɓa. Wanda ba shi da shi, maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin zuwan makarantu. Hana yaro ita da fatan wai zai yi magana da baki yakan bar shi ba wan ba ƙanen.

Wajibi ne a faɗi wata magana a kan linzami da beli. In yaro ya makara bai yi magana ba, akan kai shi wurin wanzami a yanke linzamin da yake ƙarƙashin harshe. Gaskiya ne akan haifi wasu jarirai da gajeren linzami har ya hana su kama nono, kuma likita yana gyara wannan cikin sauƙi. Amma linzami ba ya hana yaro sanin kalmomi, ba ya kuma kawo in'ina. Yaron da yake iya fito da harshensa ya lashi leɓensa, ba a nan matsalarsa take ba. Cire beli ma ba ya buɗe baki, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Babbar hasarar ita ce watannin da akan zauna ana jiran aikin aska ya nuna, alhali kunne ne yake bukatar dubawa.

INDA BABU JAMI'I

Ba za a ɓoye wa jama'a ba, masu wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, kuma yawancinsu suna manyan asibitoci da cibiyoyi masu zaman kansu a Ikko da Ibadan da Abuja. Makarantar gwamnatin da take da nata jami'in abu ce mai wuyar samu. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu. Tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da yake cikin aji akwai tafiya, kuma kwamitocin gudanar da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai suna da ikon su tambayi sakataren ilmi na ƙaramar hukuma inda aka kwana.

Kafin nan, malamin aji shi ne ido da kunnen jami'in da bai iso ba, kuma abin da zai iya yi ba ya cin ko kwabo. Ya dawo da yaron bencin gaba, nesa da taga mai hayaniya. Ya fuskanci aji in zai yi magana, haske yana kan fuskarsa. Ya kira sunan yaron kafin ya ba da umarni, ya ba da shi guntu guntu, ya nuna da hannu ko da zane, ya jira amsa ko da ta ɗauki lokaci. In yaro ya ce tifi, kada a ce ya yi kuskure. A amsa masa da cewa i, kifi ne, babban kifi, ya ji daidai ba tare da an kunyata shi ba. In ana shakkar ji, malam ya tsaya a bayan yaron kamar tsawon hannu, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa kalmomi yaron ya maimaita, sa'an nan a juya ɗaya kunnen. Wannan ba awo ba ne, amma ya isa ya nuna wanda za a tura asibiti.

A cikin garin Bauchi, matakin farko shi ne asibitin unguwa, daga nan sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, inda za a duba kunne a kuma nuna mataki na gaba. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da asibitocin koyarwa na Jos da Kano. Ga yaran da kurumtarsu ta yi tsanani akwai Cibiyar Ilmi na Musamman da take Yelwa. Matasan da suke sha'awar wannan fanni kuwa, Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da gyaran magana da awon ji, akwai kuma sassan ilmi na musamman a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano, da kwalejin Oyo da aka ambata. Wanda ya tashi da Hausa da Fulatanci ko wani harshen jihar yana da abin da baƙo ba zai samu a littafi ba.

Duk wanda zai kai yaro ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ya tafi da katin rigakafinsa, da takardar asibitin da ya taɓa kwanciya in akwai, da 'yar wasiƙa daga hedimasta mai bayyana abin da malamin aji ya lura da shi da misalin kalmomin da yaron yake faɗa. Ya kuma tafi da uwar yaron, ko wadda ta raine shi, domin ita za a fi yi wa tambaya.